Ƙarfin Damtse da Mallakar Zuciya: Matsayin Horon Jiki a Dambe da Kokawa

Horon jiki shi ne duk aikin da ɗan dambe ko ɗan kokawa yake yi domin shirya jikinsa tun kafin ya shiga fage: gudu, ɗaga nauyi, miƙe gaɓoɓi, da tsara ci da barci. Ya bambanta da koyon wasan kansa. Koyon wasa shi ne sanin tsayuwa, da yadda ake tare naushi da hannun garkuwa, da lokacin da ake sakin hannun da aka ɗaure, da yadda ake kama ƙafar abokin karawa a kokawa. Horo kuwa shi ne abin da yake ba jiki ikon aikata wannan sani bayan gajiya ta kama shi. Mutum yana iya sanin duk dabarun fage, amma idan numfashi ya ƙare masa a turmi na biyu, saninsa ba zai ɗaga masa hannu ba.

A nan tambayar addini take shigowa, kuma ta kasu kashi uku da suke sarƙe da juna. Daga ina ƙarfin ɗan wasa yake zuwa, daga gumi ko daga asiri? Mece ce darajar ƙarfin jiki a wurin mumini, alhali jikin nan ƙasa zai koma? Kuma ina iyakar abin da aka yarda mutum ya yi da ƙarfin da ya tara, a jikinsa da jikin ɗan'uwansa?

Tun asali dambe sana'ar mahauta ce, kuma lokacinsa kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da ƙauyuka suke da hatsi da sukunin biki. 'Yan dambe sukan bi gari gari da makaɗansu na kalangu, su sauka, a share fili, a kara. A wancan zamani ba a ware wani lokaci a ce na motsa jiki ne, domin rayuwar kanta horo ce. Saurayin da ya yi damina yana huɗa da noma, ya yi girbi, ya ɗauki damin gero a ka, ya yi faskare, ya saba kama sa ya kayar da shi a mahauta, sannan ya taka da ƙafa daga wannan gari zuwa wancan, ya riga ya sami abin da ɗan wasan yau yake nema da gangan. Bayansa da cinyoyinsa da huhunsa sun ginu ba tare da ya sa musu suna ba.

Da dambe ya koma birni, ya sami gidaje na dindindin irin gidan damben Ado Ɗan Kwaure a Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, sai lamarin ya sauya. Ana wasa kusan duk shekara, ana karɓar kuɗin ƙofa, ana sa gasar babur da ta mota, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus suna neman suna. Ɗan wasan da yake zaune a birni ba ya huɗa, don haka dole ya nemo wa jikinsa wahalar da gona take ba kakansa. Haka kokawa ta kasance a Jamhuriyar Nijar tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Yau jihohi takwas na ƙasar kowace takan zaɓi 'yan kokawarta ta shirya su kafin gasa, kuma wanda ya ga irin su Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau da yawa, ya san cewa wannan jiki ba a gina shi a mako guda.

Abin da horo yake yi a jiki ba ɓoyayye ba ne. Naushi ko ɗaga abokin karawa aiki ne na 'yan daƙiƙu, kuma tsoka tana yin sa da ɗan ajiyayyen ƙarfi wanda yake ƙarewa cikin kamar daƙiƙa goma. Abin da yake mayar da wannan ajiya tsakanin hari da hari shi ne zuciya da huhu, masu kai iska cikin jini zuwa ga tsoka. Shi ya sa dogon gudu yake da amfani ga mutumin da wasansa bai wuce 'yan mintuna ba. Zuciyar wanda ya saba da gudu tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, har bugunta a lokacin hutu yakan sauka ƙasa da 60 a minti, alhali na yawancin mutane yana tsakanin 60 da 100. Ƙarfin naushi kuma ba daga damtse kaɗai yake fitowa ba. Yana tasowa daga ƙafar da ta dafe ƙasa, ya bi ta cinya da ƙugu da baya, damtse sai dai ya isar da shi. Sannan tsoka ba a lokacin wahala take girma ba, a lokacin hutu da barci take gyara abin da wahala ta yaga, ta ƙara kauri. Idan aka bar horo, cikin 'yan makonni juriya takan fara zubewa.

Ana ganin wannan duka a turmi na uku. Ɗan wasan da bai yi gudu ba, bakinsa yakan buɗe, ƙirjinsa ya riƙa hawa da sauka, hannun garkuwar da ya miƙa a turmin farko daidai fuskar abokin karawa ya fara saukowa zuwa ƙirji, sannan zuwa ciki, shi kuwa bai sani ba. Ƙafar baya takan daina bin ta gaba. Idanunsa suna ganin naushin yana zuwa, hankalinsa ya san abin da ya kamata a yi, amma jiki ya ƙi amsawa. Sau da yawa kisa a dambe, wato faɗuwa ko dafa ƙasa, an riga an yi shi tun makonnin baya, a safiyoyin da aka kwanta maimakon a fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma a fage ba wannan bayani aka fi ji ba. Abin da ido yake gani shi ne laya da kambu a damtse, da guru a ƙugu, da tsage-tsagen da aka yi a hannu aka cusa magani, da ruwan da ake kurɓa a fesa kafin a shiga. Idan gwani ya yi kisa, 'yan kallo da yawa sukan ce ya sha magani ko malaminsa ya iya aiki. Idan aka kashe shi, sai a ce an karya masa asiri. Makaɗa ma ba gudun asuba suke wasawa ba. Waƙoƙin da makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun dawwamar da jarumtar fage, da tsumar da take kama ɗan wasa idan ya ji takensa, amma aikin da ake yi babu kalangu babu 'yan kallo ba shi da mawaƙi.

Malaman tauhidi suna da ma'auni a kan wannan, wato batun sababi. Allah ne mai ba da nasara da rashinta, amma ya ɗora al'amuran duniya a kan dalilai, kuma ya umurci bawa ya bi su. Sababi na gaskiya iri biyu ne: wanda shari'a ta tabbatar, kamar addu'a, da wanda gwaji da hankali suka tabbatar, kamar yadda abinci yake kawar da yunwa. Gudu da ɗaga nauyi suna cikin kashi na biyu ba tare da wata shakka ba, domin kowa ya yi su zai ga sakamako, musulmi ne ko ba musulmi ba, a Kano yake ko a Tokiyo. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Shi kansa Annabi ya sa sulke biyu ranar Uhudu, alhali babu wanda ya kai shi tawakkali. Saboda haka ɗan wasan da ya horar da jikinsa sannan ya roƙi Allah bai rage komai daga tawakkalinsa ba. Wanda ya bar horo ya ce ya dogara ga Allah shi ne ya bar rabin umurnin.

Batun laya yana da rassa, kuma adalci ne a faɗe su. Akwai hadisi a Musnadin Imam Ahmad mai tsananin gargaɗi a kan rataya laya, har ya danganta shi da shirka. Malamai sun haɗu a kan haramcin duk abin da ya ƙunshi kiran wanin Allah, ko yanka don iskoki, ko rubutun da ba a san ma'anarsa ba. Sun saɓa a kan layar da babu komai cikinta sai Alƙur'ani: Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ƙasar Hausa suke karantawa tun suna ƙanana, ba ta ga laifinta ba, wasu malaman kuwa sun hana domin toshe ƙofa. Sai dai ko a wurin masu halattawa, sharaɗin shi ne zuciya ta rataya ga Allah, kada ta rataya ga fatar da aka ɗinke. Kuma layar da aka yi da nufin kashe wa wani hannu ko juya masa hankali ta fita daga babin neman tsari, ta shiga babin sihiri.

Bayan hukunci, akwai abin da asiri yake yi wa halin mai shi, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya yarda cewa ƙarfinsa yana cikin guru, ranar da gurun ya tsinke a fage zuciyarsa takan tsinke tare da shi. Ranar da aka kayar da shi kuma ba zai koma ya binciki numfashinsa ko tsayuwarsa ba, zai koma neman wanda ya yi masa sammu, ya ƙara kai kuɗi inda ya kai jiya. Faɗuwa ba ta koya masa komai sai zargin mutane. Shi kuwa wanda ya ɗora lamarinsa a kan horo, faɗuwa takan nuna masa gurbin da ya bari, ya koma ya cike. Horo yana tilasta wa mutum gaskiya da kansa, domin jiki ba ya karɓar uzuri: zagaye goma da aka ce an yi alhali shida aka yi, turmi na uku zai tona shi a gaban jama'a.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi. In an yarda horo sababi ne halattacce, mece ce darajar abin da yake samarwa? Nassosin da suke yabon ƙarfi suna da yawa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mumini mai ƙarfi ya fi mumini mai rauni alheri da soyuwa a wurin Allah, tare da cewa kowannensu yana da nasa alheri. A Suratul Baƙara, aya ta 247, an ambaci cewa an fifita Ɗalutu da sarauta saboda yalwar ilimi da ta jiki, an gabatar da ilimi, amma ba a bar jiki ba. A cikin sira an ruwaito cewa kafin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, an mayar da wasu yara saboda ƙuruciya, aka bar Rafi'u bin Khadij saboda ya iya harbi, sai Samura bin Jundub ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokawa, Samura ya yi kaye, aka bar shi shi ma. An ruwaito kuma cewa Annabi ya yi kokawa da Rukana, gwanin kokawar Ƙuraishawa, ya kayar da shi, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin. Annabi ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci tana kallo. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rubuta littafi sukutum mai suna Al-Furusiyya a kan hawa da harbi da tsere da hukunce-hukuncensu.

Duk da haka babu wani nassi da ya mai da kaurin damtse ma'aunin mutum. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya fassara ƙarfin da ke cikin hadisin can da ƙarfin azama a kan al'amuran lahira. Akwai kuma labarin Abdullahi bin Mas'ud, wanda ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya, sai Annabi ya sanar da su cewa waɗannan ƙwauri sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Idan aka haɗa wannan da wancan, abin da yake fitowa shi ne ƙarfin jiki kayan aiki ne, darajarsa tana bin hannun da ya riƙe shi. Shi ya sa a Suratul Ƙasas, aya ta 26, lokacin da 'yar dattijon Madyana take ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, ta haɗa siffofi biyu, ƙarfi da amana.

Wannan sura tana ɗauke da wani labari da ya kamata kowane mai ɗaure hannu ya sani. A aya ta 15, Annabi Musa, tun kafin a aiko shi, ya tarar da mutum biyu suna faɗa, ya shiga don taimakon wanda ya nemi agajinsa, ya naushi ɗayan sau ɗaya, mutumin ya mutu. Bai yi nufin kisa ba, kuma nan take ya yi nadama ya nemi gafara, aka gafarta masa. Mai ƙarfi ba ya aikata ƙaramin kuskure da hannunsa. Marin da mai rauni zai yi a manta da shi kafin la'asar, idan ɗan dambe ya yi shi yana iya zama makoki. Duk lokacin da horo ya ƙara wa hannu nauyi, ya ƙara wa mai hannun nauyin da ke wuyansa.

Daga nan ake fahimtar hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ɗauki kalmar da Larabawa suke kiran gwanin kokawa da ita, ya ce mai ƙarfi na haƙiƙa shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Hadisin bai zargi kokawa ba. Ya nuna cewa a cikin ƙirjin mutum akwai abokin karawa da ya fi na fage wuyar kayarwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗaɗa wannan a Ihya'u Ulumiddin. A wurinsa fushi ƙarfi ne da Allah ya halitta a cikin mutum don kare kai da kare gaskiya, kuma ba a neman a kashe shi, ana neman a sa masa linzami. Idan ya yi ƙaranci sai a sami ragwanta, idan ya yi yawa sai a sami ganganci, jarumta tana tsakaninsu. Ya kamanta jiki da abin hawa wanda rai yake tafiya a kansa, dole a ciyar da shi a kula da shi, amma matafiyin da ya ƙare kwanakinsa yana yi wa raƙumarsa kwalliya ayari zai bar shi. Abin lura ne cewa kalmar da ya yi amfani da ita wajen tarbiyyar rai, riyala, asalinta horar da ɗan doki ne, kuma ita ce Larabawan yau suke kiran wasannin motsa jiki da ita.

Wannan haɗuwa ta kalma tana da tushe a aikace. Saurayin da yake tashi bayan sallar asuba, sanyin hunturu yana dukan fuskarsa, ya ɗaura takalmi ya kama hanya babu mai ganinsa, yana koyon saɓa wa son ransa ne kafin ya koyi komai. Idan ya dawo yana haki maigidansa ya ce, "Kai yaro, saura zagaye biyu," ya amsa da "To, maigida," ya juya, ya koyi biyayya a lokacin da jiki yake cewa a'a. Idan aka haɗa shi da ƙaramin da bai kai shi ba don gwaji, dole ya rage hannu, ya taɓa maimakon ya daka, wannan kuwa shi ne mallakar ƙarfi a zahiri. Al'adar dambe ma ta san wannan alaƙa, shi ya sa ɗan wasa yakan ɗauki sunan wanda ya rene shi, a ce Shagon wane ko Autan wane ko Bahagon wane. Wanda sunansa yake bin yaro duk inda ya je, yana da alhakin halin yaron, ba hannunsa kaɗai ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa horo da kansa yana gyara hali. Yana ba da haƙuri a kan wahala, amma ɗan daba ma yana iya haƙuri a kan wahala. Yana iya haifar da tawali'u, yana kuma iya haifar da girman kai, mutum ya riƙa tafiya yana buɗe hammata yana neman wanda zai taka shi. Aflatun ya lura da wannan tun a tsohuwar Girka, inda ya nuna a littafinsa na Jamhuriya cewa wanda ya duƙufa a kan horon jiki kaɗai yakan zama mai kaushin hali. A ƙasar Iran akwai tsofaffin gidajen horon 'yan kokawa da ake kira zurkhane, wato gidan ƙarfi, waɗanda UNESCO ta sa al'adarsu cikin jerin gadon ɗan Adam a 2010. A bisa al'ada ƙofar gidan gajera ce, ta yadda komai girman gwani sai ya sunkuya kafin ya shiga, kuma ana juya manyan kulake na katako ana bin kiɗan jagora mai rera yabon Annabi da iyalan gidansa da labaran jarumai. Waɗanda suka gina irin wannan ƙofa sun san cewa tawali'u ba ya biyo tsoka da kansa, sai an dasa shi da gangan.

Tambaya ta uku ita ce ta iyaka, kuma tana farawa daga jikin mai horon. A aƙidar musulmi jiki amana ne, ba mallaka ba. Lokacin da Abdullahi bin Amr bin As ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka, Annabi ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Idan an hana gallaza wa jiki saboda ibada, to hana gallaza masa saboda babur ko mota ya fi cancanta. Mai horon da ba ya hutawa, yana ɗora wahala a kan wahala, yana shiga fage da targaɗen da bai warke ba, yana cin amanar jikinsa, kuma ko a ma'aunin wasa asara yake yi, tunda a hutu tsoka take ginuwa. Haka batun ƙwaya. Tiramadol da makamantansa ba sa ƙara ƙarfi, suna toshe jin zafi ne, alhali zafi shi ne ɗan saƙon da yake gaya wa mutum cewa wani abu ya lalace. Ga jaraba, ga farfaɗiyar da yawan shansa yake jawowa, ga gusar da hankali wanda shari'a ta haramta. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga farkon 2024. Ƙwaya da asiri 'yan uwan juna ne ta fuska ɗaya: dukansu neman girbi ne a gonar da ba a nome ba.

Akwai wasu iyakoki da malaman fiƙihu suke ambata a duk wasan da aka halatta, kuma ba su da sarƙaƙiya: kada ya ci lokacin salla, a rufe al'aura, wadda ga namiji take tsakanin cibiya da gwiwa, kada caca ta shiga, kuma kada wasa ya zama ƙofar gaba tsakanin unguwanni ko garuruwa.

Iyaka mafi nauyi ita ce ta kai da fuska. Kusan kowace gaɓa tana ƙaruwa da wahala: tsoka ta yi kauri, ƙashi ya yi ƙwari, huhu da zuciya su ƙara juriya. Ƙwaƙwalwa ba ta cikin wannan lissafi. Tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma idan naushi ya girgiza kai takan bugi ƙashin da ke kewaye da ita. Suman da 'yan kallo suke yi wa sowa rauni ne a ƙwaƙwalwa. Ƙarfafa wuya yana iya rage girgizar, amma babu atisayen da yake sa ƙwaƙwalwa ta saba da duka, kowane bugu ƙari ne a kan na baya. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da yake kama tsofaffin 'yan damben zamani: nauyin harshe, rawar hannu, tangaɗi a tafiya, da raunin tunani. Bukhari da Muslim kuwa sun ruwaito umurnin a guji fuska ko da faɗa ya kama.

A kan waɗannan dalilai ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na goma a Makka a 1987, ta yanke cewa damben zamani a yadda ake yin sa a fagen gasa haramun ne, domin an gina shi a kan kowane ɗan wasa ya halatta wa ɗayan cutar da jikinsa, kuma yardar mutum ba ta halatta abin da ba nasa ba. Ta sa kokawar da babu ƙa'ida cikin wannan hukunci, ta kuma halatta kokawar da ake yi don motsa jiki ba tare da cutarwa ba. Hukuncin bai ambaci damben gargajiyar Hausa da suna ba, amma illar da aka gina shi a kanta, wato nufin kai da fuska da duka mai tsanani, tana nan a cikinsa, kuma hannun da aka naɗe da zare ya yi tauri bai fi safar damben zamani sauƙi a kan muƙamuƙi ba. Kokawar gargajiya, wadda manufarta kayarwa ce ba dokewa ba, ta fi kusa da abin da aka ruwaito daga sahabbai, kuma ita malamai suka fi sakin fuska a kanta.

Wannan bambanci yana nuna cewa horo da fage abubuwa ne da za a iya raba su. Gudu, da tsallen igiya, da ɗaga ƙarfe ko simintin da aka zuba a gwangwani biyu aka haɗa da sanda, da dukan buhun yashi, da koyon kare kai, da gwaji tsakanin abokai da hannu a rage kuma a bar fuska, babu ɗayansu da ya shiga cikin abin da aka hana. Su ne kuma ɓangaren da yake da amfani ga kowa, ɗan wasa da wanda ba ɗan wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi da ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Ɗan damben da ya ajiye zare, ko don shekaru ko don ya gamsu da maganar malamai, ba ya rasa wannan ɓangare. Huhun da ya gina da ƙafafun da ya ƙarfafa suna nan tare da shi a gona da kasuwa, a tsayuwar tarawihi, da kuma ɗawafi da sa'ayi idan Allah ya kira shi, kuma yana iya koya wa yaran unguwarsa gudun asuba da kokawa ba tare da ya ɗaure wa ɗayansu hannu ba.